Girgizar Ƙasar da Ta Ci San Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni, da bazarar da na sanar wa mutanen ƙauyen kakannina cewa ƙasa na shirin tsagewa a ƙarƙashinsu. Ni ce nan na faɗa, da bakina, ina zaune a kan tabarma da kwamfuta a cinya, ina magana a hankali kamar likita.

Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin ilimin ƙasa da duwatsu. Mutane kan yi mamaki idan na faɗi abin da nake karantawa, domin tun ina ƙarama an san ni da rubuta waƙoƙi da zama ina kallon tsaunukan Kazaure har tuwona ya huce. Amma ni a wurina duk abu ɗaya ne. Kyau ne ya ja ni fannin, ba wani abu ba. Ranar da malamar da ke duba aikina, Dokta Rabi, ta haska mana wani hoto a allo, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ɗakin da ban san yana da taga ba.

Bari in yi bayanin hoton a taƙaice. Akwai taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya suna aiko da igiyar rada, ta bugi doron ƙasa ta koma musu. Bayan 'yan kwanaki tauraron ya sake bi ta wurin, ya sake aunawa. Idan aka ɗora awon farko a kan na biyu, ko da faɗin yatsa ƙasa ta ɗaga ko ta lotsa a tsakani, kwamfuta za ta nuna shi da launuka: zobe cikin zobe, ja da rawaya da kore da shuɗi, kamar an naɗe bakan gizo an ajiye a ƙasa. Da irin wannan hoto masana ke gano girgizar ƙasa marar zurfi, wadda ke tashi kusa da sama, musamman a wuraren da babu na'urorin auna girgiza. Da shi kuma suke bibiyar wuraren da ɓawon duniya ke miƙewa yana rabuwa a hankali, kamar ƙullin fulawa idan an ja shi ta gefe biyu, ya yi siriri a tsakiya kafin ya yage. Hoton da Dokta ta nuna mana na wani yanki ne a Habasha inda hakan ke faruwa. Sauran ɗalibai suna ta rubuta lissafi, ni kuwa ina haɗiye hawaye (na dai gaya muku irina).

Da aka yi hutu na dawo gida Kazaure. Zafin bazara ya kai inda ya kai, kowa na duban gabas yana jiran ruwa. Wata rana da hantsi, don kewa da rashin aikin yi, na ce bari in sauko da hotunan yankinmu in ga yadda gida yake daga sama. Ba aikin makaranta ba ne, babu wanda ya sa ni. Na ɗauki guda na tsakiyar rani, na ɗauki guda na kwanan nan, na haɗa su yadda aka koya mana, na tafi na taya Ummata wanke-wanke.

Da na dawo na tarar da zobe.

Sun jeru a kan layin duwatsun da suka miƙa ta wajen Roni da Gwiwa, dogaye, masu kyau, kusan irin na Habasha. Na matso da hoton, na duba taswira. Tsakiyar zoben ta faɗo daidai gindin dutsen da ƙauyenmu yake, ta gefen da gida da gonar Baffa Sale, ƙanin mahaifina, suke.

Zan so in ce tsoro ne ya fara kama ni. Ba shi ba ne. Daɗi na fara ji. Na ga kaina a gaban manyan masana ina bayani, na ga sunan ƙauyenmu a littattafai, har na fara tsara baitin farko na waƙar da zan yi wa ƙasar da ta yi shekaru tana numfashi ba wanda ya ji sai ni. Na tura wa Dokta hoton da dogon saƙo. Ba ta amsa ba, domin ta yi tafiya wani taro a ƙasar waje. Akwai abu guda da ya kamata in yi kafin ta dawo, kuma na san shi: in jira hoton da zai biyo baya, in haɗa shi da na farko, in ga ko zoben suna nan. Ban yi ba. Na ce wa kaina intanet ba shi da ƙarfi. Gaskiyar ita ce ina tsoron kada su ɓace.

A wannan makon na tafi ƙauye gaida kakana, wanda shi ne dagacin garin. Tsoho ne mai barkwanci, kuma tun ina goye yake kira na amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Babu baƙon da zai zauna a zaurensa bai ji labarin jikarsa mai karanta cikin ƙasa ba.

"A'a, Amarya! Sai yau aka tuna da miji?" in ji shi. "Kin rame. Duwatsun kike ci a makarantar?"

"Kai ne ba ka aiko da cefane ba, Alhaji."

"Ji ta! To me kika karanto mana? Akwai zinariya a ƙarƙashin zauren nan, ko in ci gaba da haƙuri?"

Da na yi dariya na wuce cikin gida, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma sai na buɗe jaka.

Ina cikin nuna masa hoton a kwamfuta Baffa Sale, wanda sashensa ke jikin gidan kakana, ya shigo, hannunsa duk dusa, ya fito daga ba shanunsa abinci. Baffa mutum ne marar yawan magana, kuma duk abin da ya mallaka a duniya bayan iyalinsa shi ne gonar gindin dutse da shanun noma guda biyu. Yana kiransu da sunan kasuwar da ya sayo kowanne: Ɗan Roni da Ɗan Babura. Ɗan Roni ja ne mai gardama. Ɗan Babura fari ne, babba, mai sanyin hali, irin san da yaro zai bi ta ƙarƙashinsa bai ɗaga ƙafa ba. Su biyun ake ɗaura wa karkiya ɗaya su ja garma, su yi huɗar gonar Baffa, sannan su yi ta maƙwabta. Shekarar gidan gaba ɗaya a wuyansu take.

Na yi musu bayani irin wanda na yi muku, har da ƙullin fulawa. Na ɗora yatsa a tsakiyar zoben na ce, "Nan ne gonarka, Baffa."

Ya daɗe yana kallo. "Wannan jan fa?"

"Alama ce ƙasa na lotsawa. Idan ana jan ta ta gefe biyu, tsakiya kan zauna. Mai yiwuwa ne wata rana ta motsa."

Allah ne shaidata na ce "mai yiwuwa". Amma kalmar ba ta da ƙafa, a zaure ta tsaya, sauran maganar ta fita gari ita kaɗai. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya, kafin washegari ya kai kasuwar Gwiwa. Abin mamaki, sai kowa ya fara tuna alamun da ya gani. Wani ya ce ruwan rijiyarsa ya ja baya. Wata ta ce kajinta sun ƙi kwana a akurki. Aka tuno labarin motsin ƙasar da aka taɓa ji a rediyo cewa an yi a wasu unguwannin Abuja. Inna Talatu, matar Baffa, ta ja hannuna har ɗakinta ta nuna mini tsaga a bango.

"Duba nan, 'yar nan. Bara ba ta kai haka ba."

Bangon ƙasa ne da ya sha rani. Kowane bango a garin yana da irinta. Amma na sa yatsa a ciki, na gyaɗa kai a hankali, na ce, "Hmm." (Wannan "hmm" ɗin, da za a iya sayo shi a dawo da shi, da na sayar da kwamfutar.)

Dattawa suka taru a zaure. Liman ya ce babu abin da ya fi ƙarfin addu'a, a yi saukar Alƙur'ani ranar Juma'a da safe, a yi sadaka, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka fara lissafawa, wannan gero, wancan zakara, mata za su yi gumba. Ina daga ƙofar ciki ina ji, har ina jin wani irin girma a raina, wai ilimina ya motsa gari. Sai na ji muryar Baffa.

"Ni na ba da Ɗan Babura."

Kakana ya gyara zama. "Sale, damina na bakin ƙofa. Da me za ka yi huɗa?"

"Ranka ya daɗe, a kan gidana abin ya faɗo. 'Ya'yana ke kwana a wurin. In ƙasa ta haɗiye gonar, me zan huɗe?"

"Ka ba da akuya mana. Allah ba Ya duba girman dabba."

"Na riga na furta, Baba."

A cikin gida kuwa Inna Talatu ta ajiye muciya ta riƙe ƙugu. "Oh ni Talatu! Ƙasa ba ta buɗe baki ba tukuna, har an fara jefa mata abin nomanmu. Ni da na nuna tsaga, cewa na yi a yi addu'a, ban ce a yanka mini shekara ba." Ta juyo gare ni. "Ke kuma tauraron naki, bai hango miki gonar wani ba sai tamu?"

Na yi murmushin masu ilimi, irin na wanda ya yafe wa jahili. Kaico.

Ranar Juma'a da sassafe na fito tsakar gida na hango Baffa a turke. Yana tsaye kusa da Ɗan Babura yana sosa masa wuya, san yana lumshe ido. Ya zuba masa harawa mai yawa, fiye da ta kullum. Da ya gan ni ya yafuto ni da hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

Bai dube ni ba ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin tabbata?"

Nan ne wurin. Idan na kwanta ina juya labarin nan a raina, kullum nan nake tsayawa. Ƙofa ce a buɗe, shi da kansa ya buɗe mini ita. Abin da kawai zan ce shi ne a dakata malamata ta dawo. Amma mutane sun riga sun fara isowa, ina jin ƙarar babura daga waje, an zo daga Roni, an zo daga Yankwashi, an shimfiɗa tabarmi. Na tuna yadda kakana ke nuna ni da sandarsa. Sai na ɗaga kai na ce da murya mai taushi, wadda nake karanta waƙa da ita:

"Baffa, tauraro ba ya ƙarya."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance igiyar da hannunsa.

Ban je wurin yankan ba. Ina ɗaki na ji Ɗan Roni yana kuka a turke, yana ja da baya, yana neman ɗan'uwansa. Na ce wa kaina kowane babban bincike yana da sadaukarwa (ban san inda na samo wannan maganar ba, amma ta yi mini daɗi a lokacin).

Aka yi sauka, aka yi addu'a mai tsawo. Kafin rana ta take, tukwane sun nuna, an fara rabon nama. Gari ya cika, har da masu tallan rake, domin ba a taɓa taro a bar su a baya ba. Dattawan da suka zo daga nesa suka ce su ma a nuna musu hoton. Kakana ya aika aka kira ni. Na zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, na juya musu fuskar kwamfuta, suna miƙa wuya suna salati. Wani tsoho ya ce kai, abin tsoro amma da kyau kamar zanen atamfa. Na ji daɗin wannan ma.

Sai wayata ta yi ƙara. Dokta Rabi.

"Malamata ce," na ce, cike da murna.

Kakana ya buga sandarsa a ƙasa. "Madalla! Sa ta a sifika, Amarya, kowa ya ji daga bakin babbar. Jama'a, a yi shiru, malamar malamai ce."

Na danna. Na yi sallama, ina shirin gaya mata inda nake, amma Dokta mace ce da ba ta ɓata lokaci, kuma da alama tana cikin mota.

"Yauwa, na ga saƙonki, jiya na sauka. Hoton ya yi kyau sosai, kin iya haɗawa. Da izininki zan nuna shi a aji."

Dattawa suka dubi juna suna gyaɗa kai. Kakana ya shafa gemu. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na kunyar yabo.

"Na daɗe ina neman misali mai kyau irin wannan," ta ci gaba, "na yadda laimar iska ke yaudarar ɗalibi."

Ban gane ba da farko. Ko kuma na gane, jikina ne ya ƙi karɓa.

"Ranar da aka ɗauki hoto na biyu, hadari ya haɗu a yankinku, ko ba haka ba? Tururin ruwan da ke sama yana rage wa igiyar sauri kafin ta koma, sai kwamfuta ta ɗauka ƙasa ce ta yi nisa. Ba ki ga zoben sun bi layin duwatsu ba? Laima ce ta kwanta a jikinsu. Ai na yi muku wannan a aji, kina ta kallon taga. Na sauko da hoton da ya biyo baya na haɗa, fes yake, babu ko zobe ɗaya. Dutsen yankinku tsoho ne, ya daɗe da yin barci. Ƙasarku ba ta motsa ba ko kaɗan." Ta yi 'yar dariya. "Ba dai kin nuna wa kowa ba ko?"

Wani dattijo da ya kai tsoka baki ya tsaya da ita a hanya. Daga cikin gida ana jin mata suna kankare tukunya, ba su san me ake ciki ba. Daga can baya wani ya ce a hankali, "Ai kuwa an yi wani hadari kwanakin baya, ya haɗu baƙi ƙirin, bai zuba ba." Wani ya ce, "Ƙwarai, har na kwashe shanya."

A karo na farko a makon nan na yi fatan binciken nawa ya zama gaskiya, ƙasa ta tsage daidai inda nake zaune.

Kakana ne ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ya riƙe ta nesa da bakinsa kamar mai riƙe da kofin shayi mai zafi.

"Malama, barka da rana. Dagacin garin ne ke magana. E to, ta ɗan nuna mana."

"Innalillahi," in ji Dokta. "Ranka ya daɗe, mutum nawa?"

Kakana ya dubi zauren, ya leƙa waje inda babura suka yi layi har bakin masallaci. "Ba yawa," ya ce. "Mun gode, Allah Ya ƙara sani."

Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Ya yi gyaran murya. Na san tsohon nan, na ga lokacin da yake neman hanyar da zai fitar da ni da shi kansa daga ramin.

"To jama'a, me muka roƙa tun safe? Mun roƙi Allah Ya musanya mana musiba da alheri. Ga shi kun ji da kunnenku, malama ta ce girgizar ta zama ruwa. Liman, a shafa."

Aka fashe da dariya, aka shafa, aka ce amin da ƙarfi. Wasu har da tafawa. Wani ya ce wallahi bai taɓa ganin addu'ar da aka amsa da wuri irin wannan ba, tun nama bai huce ba. Tsokar nan da ta tsaya a hanya ta ƙarasa tafiyarta.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baffa yana zaune a gefe da kwanonsa a gaba, bai taɓa ba. Ya rufe shi da faifai, ya tashi, ya sa takalmansa, ya bi ta gefena ya shiga gida. Na leƙa na gan shi a turke, yana tsaye kusa da Ɗan Roni, da igiya ɗaya a hannu wadda babu kowa a ƙarshenta.

Inna Talatu kuwa ba ta yi shiru ba. Da labari ya iso madafa ta fito da ludayi a hannu. "Ina Malama Girgiza? Zo ki ci, ai naki ne. Ki ci da kyau, huɗar bana ce a cikin kwanon nan." Sunan ya zauna. Har yau idan na sauka daga mota a ƙauyen, sai na ji wata ta ce daga bayan danga, "A riƙe bango, Girgiza ta iso."

Washegari da sassafe na gudu Kazaure.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, damina ta kankama. Garmar shanu ba ta jawuwa da sa ɗaya. Dole Baffa ya jira maƙwabcinsa ya gama tasa huɗar kafin ya ara masa sa a haɗa da Ɗan Roni, kuma Ɗan Roni ya ƙi baƙon, suna ta ja-in-ja, kunya na fita a karkace. Lokaci ya ƙure, ciyawa ta riga su. Abin da ya rage Baffa ya bi shi da hannu, shi da iyalinsa. Mahaifina ya taimaka aka samo ɗan maraƙi daga baya, amma maraƙi sai ya girma, sai an koya masa. Geron Baffa na wannan shekarar bai kai su ko'ina ba. Babu wanda ya faɗa mini wannan kai tsaye. A bakin Ummata na tsinta, tana magana da wata a waya, ta rage murya da ta ga na shigo.

Sai da damina ta yi nisa na iya tattara ƙarfin hali na koma. Na same shi a gonar gindin dutse, a sunkuye, yana noma. Dutsen na nan inda yake, kore shar, ko gezau. Na tsaya a bakin kunya na yi sallama. Na shirya dogon jawabi tun a mota, mai kyau, har da wurin da zan yi kuka. Da ya ɗago ya dafa ƙugu yana miƙe baya a hankali, duk ya zube.

"Baffa, ka yafe mini."

Ya share gumi da gefen rigarsa. "Sadaka ta tafi inda aka aike ta, 'yata. Wannan ba asara ba ce. Mutane sun ci, an yi addu'a." Ya ɗan yi murmushi. "Bayana ne dai bai yarda da wannan bayanin ba."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni sosai. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na tambaye ki a turke. Lokacin nan, kin san ba ki tabbata ba?"

Na so in kawo zancen intanet, da tafiyar Dokta, da yadda ko manyan masana laima kan ruɗe su. Na dubi ƙafafunsa cikin laka.

"Na sani, Baffa."

Ya gyaɗa kai, kamar da ma amsar da yake jira ke nan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"To nan gaba ki ce ba ki sani ba. Ba wanda zai yanka sa a kan 'ban sani ba'."

Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa. Na cire takalmi na shiga kunyar da ke kusa da tasa ina cirar ciyawa da hannu. Ban iya ba, na tumɓuke masa gero biyu ko uku, har ya ce don Allah in koma inuwa, abin da na yi masa a bana ya isa.

Na gama karatun, kuma har yanzu aikin da nake yi ke nan, kallon ƙasa daga sama. Zoben ba su daina burge ni ba. Dokta ta cika alkawarinta, duk shekara tana nuna hotona a aji, ba ta faɗin sunana, amma takan ce akwai sa a cikin labarin. Na koyi jiran hoto na uku da na huɗu, na koyi tambayar ko an yi hadari kafin in tambayi ko an yi girgiza. Na kuma koyi faɗin "ban sani ba tukuna" a gaban mutane ba tare da muryata ta yi rawa ba, abin da ya fi duk lissafin wuya. Idan kuwa zoben suka fito da kyau fiye da kima, har na ji baitin waƙa na taso mini, nakan rufe kwamfutar, in waiga in tabbatar babu mai sa a kusa.